Shugaban makarantarmu ya danne takardata ta neman ƙaro karatu

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ina rubuto maka wannan wasiƙa ne raina a ɓace, domin a makon jiya aka fitar da sunayen malaman da aka amince su tafi ƙaro karatu, kuma babu nawa, alhali tun kafin azumi na miƙa takardata.

Ni malamin firamare ne mai takardar NCE ta kwalejin ilimi, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a Najeriya. Da ita ake ɗaukar mutum aiki a matakin albashi na 7, mai digiri kuma a mataki na 8, kuma wanda bai san aikin gwamnati ba zai ɗauka tazarar ba ta da yawa, amma ita ce take bin mutum har ya yi ritaya, ta shafi albashinsa, ta shafi fanshonsa. Yaron da na koya wa yadda ake cika rajistar aji yanzu mataimakin shugaba ne a wata makaranta, saboda kawai ya riga ni yin digiri.

Abin da na nema shi ne shirin digirin ilimi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ake yi lokacin dogon hutu, ake kira LVT. Na zaɓe shi ne da gangan don kada ɗalibaina su rasa darasi ko ɗaya. Da farko na yi tunanin Jami'ar NOUN ta karatu daga gida, amma karatunta ya dogara da intanet da kwamfuta, ni kuwa ko wutar cajin waya wahala take mana.

Da na ga sunayen sai na shiga ofishin shugabanmu. Malam, a gabana ya jawo durowa ya fito da takardar daga ƙarƙashin tsofaffin rajistoci, da tabon shayi a gefenta, ko sa hannu bai yi ba, balle ya tura ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ya ce wai mantawa ya yi, sannan ya ƙara da cewa idan na tafi wa zai riƙe aji shida. Wane aji ne ake riƙewa a lokacin hutu? Wannan mutum ba ya son ya ga na ƙasa da shi ya ɗago, kuma takardun 'yan gaban goshinsa biyu duk sun wuce. Ni ban taɓa makara ba, alli ma da kuɗina nake saye. Tun ranar da na yi magana a taro a kan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ya ƙullace ni, kuma gaskiya na faɗa.

Na riga na ɗauki adashena na sayar da ragon da nake kiwo domin kuɗin rajista, uwargidana ta haƙura da gyaran ɗakinta. Yayana kuma ya dage cewa in bar koyarwa in je in koyi haɗa sola, wai ya fi kawo kuɗi, amma ni aikin nan nake so, ko da yake wani lokacin maganarsa tana shiga raina.

Wasu abokan aiki sun ce in tafi abina tunda hutu ne, wasu kuma sun ce digirin da aka yi ba tare da takardar izini ba ba za a lissafa shi wajen ƙarin girma ba. Shin in tsallake shugaban namu in kai kuka wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko in bi ta ƙungiyar malamai ta NUT? Tsorona shi ne kada ya sa a mayar da ni wani ƙauye mai nisa, ga mahaifiyata ba lafiya. Kuma Malam, ta yaya zan ci gaba da gaishe da mutumin nan kowace safiya?

Wassalam.
Naka, wani malamin firamare.