Sanarwa ga ƴan rukuni: maganar ɗaukar shiri a dikoda

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tun jiya ake ta tambayata yadda nake adana shirin da ya wuce ni, shi ya sa na ce bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Tashoshin dai sun yi yawa, sai ka yi ta danna rimot har tuwo ya huce ba ka tsaya a ko ɗaya ba. Ni na rage nawa zuwa kaɗan: Arewa24, wadda tun 2014 take watsa shirye-shiryenta da Hausa, sai Sunna TV don wa'azi, sai NTA don labaran ƙarfe 9 na dare. Sauran na bar wa yara.

Ku duba dikodarku, in tana da ramin USB, ku sa filashi mai giga 32, ku danna jan maɓallin REC. Amma fa sai kun gyara agogonta tukuna! Namu lokacin GMT+1 ne. Ni da ban gyara ba, na saita ƙarfe 8, na dawo daga biki da zumuɗi, na tarar ta ɗauko mini wani shiri daban da tallan sabulu. Kuma yawancin ƙananan dikodoji in suna ɗauka, ba kowace tasha za ka iya komawa ba, don haka a ɓoye wa yara rimot.

In an ɗauke wuta kuwa, shi ke nan, sai a jira maimaici.

Don Allah wanda ya riga ya kalla, kada ya zo nan ya ba mu labarin ƙarshe. Iyayenmu mata sun yi ƙorafi a kan haka.