Ba sanyi ke kashe mana yara ba, dafin ƙwayar cuta ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini tun kafin hunturu ya kankama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma duk shekara da iska ta taso, gadajenmu cika suke da masu nimoniya, wato ciwon huhu. Kusan kowace uwa magana ɗaya take kawowa: sanyi ne ya shige shi. An gasa masa ƙirji da tsumma, an shafe shi da man zafi, an naɗe shi a bargo, sai da numfashi ya gagara aka nufo asibiti.

Iyayena mata, ban ga laifinku ba, amma ku ji abin da ke faruwa a ciki. Ƙwayar cutar nimokokus, mai haddasa nimoniya, tana zaune a hanci da maƙogwaron yara da dama ba tare da ta yi musu komai ba. Idan mura, ƙyanda, ƙura ko hayaƙin itace suka raunana hanyar numfashi, sai ta gangara huhu. A can take sakin dafi mai suna nimolaisin, wanda aikinsa huda ne. Yana ɓula ƙwayoyin halittar huhu, yana kashe siraran gashin nan da ke share majina zuwa waje. Garkuwar jiki ta taso da faɗa, wurin ya kumbura, ruwa da mugunya su cika ƴan jakunkunan iska, oksijin ya kasa ratsawa cikin jini. Shi ya sa za ki ga yaro yana haki, hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk sanda ya ja numfashi. Wallahi ganin wannan ba daɗi.

Wani nau'in wata ƙwayar cutar mai suna sitafilokokus ma ya fi muni, dafinsa fararen ƙwayoyin jini yake kashewa, ya ruɓar da naman huhu har a yi tarin jini.

Man zafi ba ya kaiwa can. Maganin amoksisilin na kashe ƙwayar, amma ba ya ɗinke ɓarnar da dafi ya riga ya yi, kuma kowane kwanan da aka yi a gida ƙwayoyin ƙaruwa suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 nimoniya ta kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000.

Ki ƙirga numfashin ɗanki na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ki goya shi sai asibiti. Rigakafin nimokokus kuwa tun 2014 aka fara shi a Najeriya, kyauta, a sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Maigida, don Allah ka bari a kai.

Ga gwamnatocin jihohinmu kuma, a sa oksijin a ƙananan asibitocin karkara. Yaron da huhunsa ya cika da ruwa ba zai jure doguwar tafiya a bayan babur zuwa birni ba.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, Zariya