Kalmomin Ƙwadago a Japan da Wahalar da Ba Ta da Suna a Wajenmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wasu kalmomi da Japanawa ke amfani da su a fagen ƙwadago, saboda na lura sun raɗa wa wahalhalun ma'aikaci sunaye, alhali mu da yawansu mun bar su ba suna.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "karoshi", wato mutuwar da yawan aiki ya jawo, galibi ta hanyar bugun zuciya ko shanyewar jiki. Bayan an raɗa kalmar, lauyoyi suka buɗe layin waya na karɓar koken iyalan mamata a 1988, majalisa ta yi dokar yaƙi da matsalar a 2014, sannan dokar 2018 ta ƙayyade aikin ƙarin lokaci a awa 45 a wata da 360 a shekara, in ban da yanayi na musamman.

Akwai kuma "sabisu zangyo", aikin bayan tashi wanda ba a biyan ko sisi a kansa. Wannan kam na san shi da idona. Ƙanena yana aiki a wani shagon kayan masarufi a nan Sakkwato, an yi da shi zai tashi kafin magariba, amma sau da yawa sai bayan isha'i yake gama sauke buhunan shinkafa, a tsakiyar zafin watan Afrilu, rigarsa sharkaf da gumi. Maigidansa yana kiran wannan "taimako", kuma ba a kai ƙarar taimako ko'ina.

Haka nan suna da "shunto", zaman neman ƙarin albashi da ƙungiyoyin ƙwadago ke yi da kamfanoni wajajen Fabrairu da Maris kowace shekara tun 1955. Mu kuwa sai da aka kai ga yajin aiki kafin a amince da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024.

Gaisuwarsu ta "otsukaresama" tana kusa da tamu "sannu da aiki", nan ba su fi mu ba. Roƙona shi ne shugabannin ƙwadago na jiha su zauna da masana Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su samar mana da kalmomin da lebura da ɗan dako da yaron shago za su riƙa faɗa a gaban maigida da gaban alƙali.

Naku,
Wani malami mai ritaya,
Mabera, Sakkwato.