A koya wa ɗalibai bambancin int da Integer tun da wuri

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin malaman da ke koyar da rubuta manhaja kan wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuskurensa yana da wuyar ganowa.

A harshen rubuta manhaja na Java lamba tana da siffa biyu. Akwai int, lamba tsurarta, akwai kuma Integer, ƙunshin da aka adana lambar a cikinsa. Tun daga Java 5 a shekarar 2004 kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da aka rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, ita ce ke naɗe lamba a ƙunshi ko ta kwance ta da kanta, shi ya sa ɗalibi ke ɗauka duk ɗaya ne. Amma idan aka gwada Integer biyu da alamar ==, ba ƙimarsu ake tambaya ba, ana tambaya ne ko ƙunshi ɗaya ne, tamkar mai son sanin ko wannan takardar naira ɗari biyar ita ce ainihin wadda ya bayar jiya. Idan kowannensu yana ɗauke da 127 amsar takan fito gaskiya, da zarar sun koma 128 sai ta fito ƙarya, domin ƙa'idar harshen ta wajabta tanadin ƙunshi guda ne ga lambobi daga -128 zuwa 127 kawai. Abin da ya haura haka ba a ba da tabbaci a kansa ba, har ana iya faɗaɗa iyakar a wajen gudanar da manhajar. Ɗalibin da ya gwada aikinsa da ƙananan lambobi zai ga komai daidai, sai ranar da lambar rasit ta kai 128. Maganin kuwa shi ne a gwada su da equals, wanda ke duba ƙimar da ke cikinsu.

A harshen C ma akwai makamancin haka: girman nau'in lambar da ake kira long bayit 4 ne a kwamfailar Microsoft, amma bayit 8 ne a kwamfailar GCC kan Linux mai bit 64, kuma babu wadda ta saɓa ƙa'ida.

Don haka ina kira ga malamai da su sa ɗalibai gwada aiki ɗaya a kwamfaila fiye da ɗaya, su kuma nuna musu abin da ƙa'idar harshe ta yi alkawari da abin da ta bar wa kowace kwamfaila.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya