Kafin kwamiti ya fara aiki, a zauna a rubuta yarjejeniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah a bani ɗan fili in yi magana da 'yan uwana ma'aikata a nan Kaduna, na gwamnati da na kamfanoni da masu aiki a makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu, akan yadda muke kafa kwamiti a wajen aiki.

Kowa dai ya san yadda abin yake tafiya. Wani aiki ya taso, oga ya fitar da memo, sunaye shida ko bakwai, wane ciyaman wance sakatariya, a ƙasa a ce ku kawo rahoto nan da wata ɗaya. Washegari an buɗe guruf a WhatsApp kowa ya turo Allah ya bamu sa'a, an yi mitin na farko an sha lemo an watse, ba wanda ya tambayi ɗan uwansa wai shin mene ne takamaiman abin da aka ce mu yi, ina iyakar aikin, kuma in an saɓa maganar wa za a bi. Ni a ganina bai kamata a tashi daga wannan zama na farko ba sai 'yan kwamitin da kansu sun rubuta yarjejeniyar yadda zasu yi aiki tare, shafi ɗaya ko biyu, kowa ya sa hannu, shi ma ogan da ya kafa su ya sa nasa. Memon oga umarni ne daga sama, yana faɗin abin da ake so. Ita kuwa wannan takarda alƙawari ce tsakanin mutanen da zasu yi aikin da hannunsu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani da idona. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya koma naira 225 duk yunit, wurare da yawa suka fara lissafin komawa sola don janareto ya zama ciwon kai. Makarantar da nake aiki ita ma ta kafa kwamitin sola kuma ina ciki. Duk mutanen kirki ne wallahi, ba ɓarawo ko ɗaya a cikinmu. Amma ashe shi akanta a ransa aikinmu mu sayo kaya a kafa, mataimakin shugaba kuma a fahimtarsa shawara kawai zamu bayar hukumar makaranta ta yanke, malamin kimiyya yana lissafi har da fankokin azuzuwa da injin tura ruwa tanki, ni kuma na ɗauka ofis da ɗakin kwamfuta kawai ake nufi. Ba wanda ya san abin da ke zuciyar wani, kowa ya ɗauka yadda ya fahimta haka kowa ya fahimta. Wata safiya sai ga masu haɗa sola biyu sun haɗu a bakin get, kowanne da tsaninsa da tef ɗin awo, kowanne yana ce wa mai gadi shi aka kira ya auna rufin kwano, baba mai gadi ya rasa wanda zai buɗe wa. Kafin azahar magana ta zagaye ɗakin malamai cewa ai wane kamasho yake nema shi ya sa ya kawo nasa mutum. Mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya lokacin tara suka daina ko gaisawa. Wannan zargi shi ya fi min ciwo fiye da jinkirin aikin, don an taɓa mutuncin mutane akan abin da layi biyu a takarda zai hana.

Da aka sake zama, wata uwa a cikinmu, tsohuwar malama da ta daɗe tana aikin gwamnati kafin ta yi ritaya, ta ce ’ya’yana ba zamu sake maganar batir ko fanel ba sai mun rubuta abin da ya tara mu. Ta miƙe ta ɗauki alli ta ce kowa ya faɗi aikin kwamitin nan a jimla ɗaya. Amsa huɗu daban-daban aka samu. Nan jikin kowa ya yi sanyi, daga nan aka fara rubutu a allo kafin a kwafa a takarda.

Abu na farko manufa, a jimla ɗaya da ko masinja ya karanta zai gane. Amma wanda ya fi shi amfani a wurina shi ne a rubuta abin da baya cikin aikin. Mu mun rubuta cewa azuzuwa da injin ruwa basa ciki, sai wani zangon. Da zarar an rubuta haka duk wanda ya zo daga baya da "ai da an ɗan ƙara kaza" sai a nuna masa takarda ba tare da an ɓata ba, in kuma da gaske ana son ƙarin sai a koma wajen oga ya ƙara kuɗi da lokaci.

Sai kuma suna a gaban kowane aiki. Kalmar "kwamiti zai nemo farashi" ita ce take kashe mu, don kwamiti ba shi da ƙafa, mutum ne yake hawa Keke Napep ya je kasuwa ya tambayo. A rubuta wane zai kawo farashi daga wurare uku zuwa ranar kaza, wance zata riƙe rasit, wane ne kaɗai zai kira mai aiki ya shigo harabar makaranta. Mutum ɗaya a gaban abu ɗaya, ko da mutum uku zasu taya shi. Kuma tunda na zo nan bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna, a mafi yawan kwamitocin da na sani in dai akwai mace to ita ce mai rubuta minit kuma ita ce mai raba lemo da ruwa, ko da kuwa ita ce ta fi kowa sanin aikin. Mai rubutu ba ta samun sukunin yin magana, kanta na ƙasa tana bin bakin wasu. A sa a takarda cewa rubutun minit zagaye zai dinga yi, yau wane gobe wance.

Maganar kuɗi ba ta son nuƙu-nuƙu. Nawa ne kwamiti zai iya kashewa ba tare da ya koma wajen oga ba, ko da naira dubu 50 ce a rubuta. Wa zai sa hannu, mutum biyu ba ɗaya ba. Akwai alawus na zama ko kuɗin mota ko babu, a faɗa tun farko, don na ga kwamitin da ya mutu ba don komai ba sai don wasu sun sa rai da alawus shiru, suka fara jan ƙafa ba tare da sun faɗi dalili ba. Sannan duk wanda yake da ɗan uwa ko aboki mai sayar da kayan da ake nema ya faɗa a gaban kowa, ba laifi bane ka san mai kaya, a Kaduna wa bai san wani ba, ɓoyewar ce take jawo zargi.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi garin nan namu waɗanda littattafan turawa ba zasu faɗa mana ba. A ofis ɗaya akwai mai tasowa daga Rigasa ko Kawo ko Mando, akwai mai ƙetaro gada daga Sabon Tasha ko Barnawa ko Kakuri, in ka sa mitin ƙarfe huɗu da rabi na yamma to ka san wani sai bayan magariba zai isa gida, mai ɗauko yara daga makaranta kuwa zata fara duba agogo tun ba a je ko'ina ba. Ranar Juma'a daga sha biyu ba mitin, lokacin azumi a rage tsawon zama a dawo da shi safe, kada kuma a sa wani aikin gaggawa ranar Lahadi da safe a ce abokin aikinmu Kirista bai ba da haɗin kai ba. In akwai ma'aikatan jiha a ciki a tuna cewa a Disambar 2021 gwamnatin Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, to sai a san ranar da za a iya samun kowa. Harshe ma a yi maganarsa. Sau nawa ana cikin mitin sai a zarce da Hausa a bar wanda ba ya ji yana kallon silin, ko a zarce da Turanci a bar direba da mai gyaran wuta, alhali su ne suka san inda wayoyin ginin suka bi. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne amma su ne suke taruwa su koma "ai saboda addinina ne" ko "ai don ni ba ɗan nan bane", kuma mu mutanen Kaduna mun san tsadar irin wannan magana, bai kamata mu bar ta ta samu ƙofa ta dalilin lokacin mitin ba.

Saɓani kam sai an yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Bruce Tuckman, tun a 1965 ya bayyana cewa mutanen da aka haɗa don aiki sukan bi matakai huɗu, farko ana ɗari-ɗari da juna, sai rikici ya ɓullo, sai a daidaita a samu ƙa'ida, sannan aiki ya kankama. To tunda rikicin na nan tafe gara a shirya masa tun ana dariya da juna, tun ran gini tun ran zane. A rubuta cewa in an kasa cimma matsaya za a kaɗa ƙuri'a ne ko ciyaman ne zai yanke ko za a kai wa oga, kuma duk mai ƙorafi ya fara kawo shi teburin kwamiti kafin ya zagaya ta baya ya shiga ofishin oga. Shi ma ogan hannun da ya sa alƙawari ne cewa ba zai saurari ɗan kwamiti ɗaya a ɓoye ya rushe abin da aka yanke a fili ba. In ba zai iya wannan ba gara ya yi aikinsa da kansa ya bar mutane su huta.

Wanda wannan takarda ta fi karewa shi ne ƙaramin ma'aikaci. A kwamitinmu akwai wani yaro ɗan bautar ƙasa da ya karanta injiniyan lantarki, shi kaɗai ya iya lissafin nauyin wutar da kwamfutoci da firinta da injin fotokofi suke ja, amma a zaman farko-farko ko tari bai yi ba, yana gefe da littafinsa, don iyayensa ne suke magana kuma tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya katse babba ba. Tarbiyya ce mai kyau bana so a taɓa ta. Shi ya sa muka sa a yarjejeniya cewa kafin a yanke komai ciyaman zai bi kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga ƙarami za a fara. Da aka ce masa ɗana me ka gani, sai ya buɗe littafin nan ya nuna cewa inbatar da ake shirin saya, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa wadda kayan ofis ke amfani da ita, ba zata ɗauki injin fotokofi da sauran kayan a lokaci guda ba. Bai yi wa kowa rashin kunya ba tunda ƙa'ida ce ta ba shi baki. Kamfanin Google ma da ya fara wani bincike a 2012 akan rukunonin ma'aikatansa 180, abin da ya gano ya fi komai tasiri shi ne mutum ya samu natsuwar cewa in ya yi tambaya ko ya faɗi ra'ayinsa ba za a ci masa fuska ba. A wurinmu wannan natsuwa ba zata zo da kanta ba, sai an buɗe mata hanyar da ba zata zubar da girman manya ba.

Na san abin da wasu zasu ce, don an faɗa min a fuskata: Malama ba ki yarda da mu bane sai an yi rubutu? Wannan kunya da kara ita ce babban abin da yake hana mu. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi in sun ƙulla shi zuwa wani lokaci, kuma waɗanda aka fara yi wa umarnin sun fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba tuhuma bane, mutum ne mai mantuwa, ga canjin wurin aiki, ga rashin lafiya, ga mutuwa, wanda ya gaji kujerar yana buƙatar abin da zai karanta. Wasu kuma zasu ce takarda ce kawai za a jefa a durowa. Gaskiya ne in mutum ɗaya ya kwafo ta daga intanet ya raba aka sa hannu ba a karanta ba. Amfaninta yana cikin gardamar da aka yi kafin a rubuta, shi ya sa sai kowa yana wurin, sannan a ɗauki hotonta a liƙa a saman guruf, a dinga leƙa ta farkon zama, in wani sashe bai yi aiki ba a gyara da yardar kowa.

Kar a manta da ranar rufewa. Kwamitoci nawa ne a ofisoshinmu da ba wanda ya san ko suna raye ko sun mutu, guruf ɗin ya koma wurin tura wa'azi da sanarwar biki. A rubuta ranar da za a miƙa aiki, da wanda za a miƙa wa, mu a namu har wanda zai dinga goge ƙurar hunturu daga kan fanel da wanda za a kira in batir ya samu matsala mun rubuta sunansu.

Roƙona ga shugabannin ma'aikatu da masu makarantu da asibitoci, in kun fitar da memon kafa kwamiti ku ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa a kawo muku yarjejeniyar aiki kafin a taɓa ko sisi, ku kuma ba su awa biyu na lokacin aiki su zauna su yi ta. Malamanmu na kwalejin Kadpoly da jami'ar jiha KASU masu koyar da harkar gudanarwa su ma don Allah su dinga sa ɗalibai su rubuta irinta duk lokacin da aka raba su rukuni-rukuni don aikin aji, saboda su shigo ofis da sabon yin haka.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Wata malamar makaranta,
Tudun Wada, Kaduna