A dubi tsofaffin gidajen azara kafin su ƙare

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya min a rai. Kwanan nan a unguwarmu nan cikin Sakkwato anka rushe wani soro da ko kakanmu tarar da shi ya yi, magada sun raba gado sun sayar, wanda ya saya ya kawo bulo da kwano, kwana uku an gama da shi. Azarar da anka ciro wallahi ko gara ba ta taɓa ta ba, giginya ce ai, amma ƙarshenta a murhun mai tuyar ƙosai ta ƙare.

Abin da ya ƙara min haushi, a Ingila tun 1947 suna da dokar rajistar tsofaffin gine-gine, kuma ba fadar sarki kawai ba, har gidan manomi na katako a ƙauye, in dai an gina shi kafin 1700 kuma bai canza kama sosai ba galibi yana cikin rajista, ko taga za ka canza sai ka nemi izini. A Japan akwai ƙauyen Shirakawa-go, gidajen manoma ne na katako da jinkar ciyawa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995, kuma in jinka ta tsufa mutanen gari ke taruwa su sake ta. Gayya kenan fa, irin wadda mu munka sani munka bari.

Ni ban ce kowa ya zauna gidan ƙasa dole ba, na san wahalar yaɓe duk shekara, na san fargabar ruwan Agusta in indararo ya toshe. Amma duk wanda ya taɓa kwana a soro lokacin bazara ya san sanyin da babu shi a ɗakin kwano, inda ba wuta ba fanka sai zufa.

Muna da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun 1979, Hubbaren Shehu kuma kowa na girmama shi, Alhamdulillahi. To gidan talaka da zauren malami fa? A zaga Sakkwato da Wurno da ƙauyuka a rubuta waɗanda sunka rage, a taimaka ma masu su da kuɗin makuba da yaɓe, sannan a nemo tsofaffin magina da sunka iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa kamar baka, su koya ma yara. Wanda ke mana gyara ya haura saba'in, ɗansa kabu-kabu yake yi.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato