Allurar sanƙarau da aka yi wa yaranmu tun suna ƙanana ba ta isa ba yanzu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sanƙarau tun kafin zafi ya kankama. Ni malamin makarantar kwana ne, ina kula da ɗakunan kwanan yara maza, kuma abin da na gani da idona ne ya sa ni rubutun nan.

Wani yarona ɗan aji biyar ya zo min bayan magariba wai kansa na sara, jikinsa zafi rau, muka ce ai maleriya ce aka ba shi farasitamol ya kwanta. Kafin asuba yaro ya fara amai, wuyansa ya sanƙare, ko hasken tocila ba ya iya kallo, yana ta surutai har wasu abokansa na cewa iska ce ta taɓa shi. Allah Ya sa muka garzaya asibiti aka fara masa allurai nan take, ya rayu, amma har yau ba ya ji da kunnuwansa duka biyu. Da mahaifinsa ya iso abin da ya fara cewa shi ne "malam ai an yi masa allurar sanƙarau tun yana ƙarami". Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don gaskiya ya faɗa, an yi masa ɗin.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne ƙwayar cutar nan iri-iri ce, likitoci sun ba su haruffa, A da B da C da W da X da Y. Wadda ta yi mana ɓarna a 1996, lokacin da mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya sama da 11,000 suka rasu, nau'in A ce. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, aka shigo da ita nan a 2011 ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, ita ma ta A ce kaɗai. Ta yi aiki sosai kam, A kusan ta ɓace. To amma sai C ta taso, ta buge Nijar a 2015, sannan daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ta ɓarke daga Zamfara ta bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi, mutum fiye da 1,100 suka tafi. A 2024 ma mun ji yadda ta shiga makarantun kwana a Yobe ta ɗauke ɗalibai. Wato yaron da ke da kariyar A, idan C ko W ta zo, kamar ba a taɓa masa allura ba ne.

Kuma ba banza take bin 'yan makaranta ba. Ƙwayar tana zama a maƙogwaro da bayan hanci, mutum na iya ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau, kuma samari da 'yan mata su suka fi ɗaukarta a haka. Tari, atishawa, shan ruwa a kofi ɗaya, kwana kai da kai, nan take bi. Yanzu ka duba ɗakin da aka gina don yara 30 an zuba 80, tagogi an toshe da kwali saboda hunturu, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, ai hanya ce aka share mata. Haka tsangayu suke, haka hostal na jami'o'i, haka sansanin masu bautar ƙasa.

Na san wasu za su ce su fa ba su yarda da allura ba, kuma ban ga laifin mai tsoro ba idan aka tuna gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996. Amma wancan gwajin sabon magani ne a kan yaran da suka riga suka kwanta, ba rigakafi ba ne. Kuma mu tambayi kanmu, wane maniyyaci ne ya taɓa ƙin allurar sanƙarau? Saudiyya ta wajabta ta, musamman bayan nau'in W ya yaɗu a Hajjin 2000, kowa yana bin layi a yi masa ya karɓi katinsa ba gardama.

Yanzu akwai sabuwa, Men5CV, mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita a 2024. Damuwata ita ce mun saba sai an fara binne yara sannan motocin allura su iso. Ina roƙon ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohinmu su haɗa kai da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a bi makarantun kwana da tsangayu a yi wa yara tun a zangon farko, kafin Disamba, kuma katin allurar ya shiga cikin takardun da ake nema ranar shiga makaranta kamar yadda ake neman takardar haihuwa.

'Yan uwana malamai kuma, idan yaro ya haɗa zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da amai ko ciwon wuya, kar a jira gari ya waye, kar a jira firinsifal ya dawo, cutar nan tana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Ni na jira asuba, kuma yaron nan yanzu sai da rubutu a takarda muke gaisawa da shi.

Wassalam,
Wani malamin makarantar kwana, daga jihar Jigawa